Gurnanin Taransifoma da Kaset ɗin Baba

Yayana ba ya iya ganin abu mai sukurori bai kwance shi ba. Shagon gyaran rediyo gare shi a Nasarawa, nan Birnin Kebbi, kuma ya haƙiƙance tun da aka bar amfani da bawul, ƴan kwalaben nan masu yin ja kamar garwashi, sauti ya lalace a duniya. Mu dai dariya muke masa.

Bayan rasuwar Baba aka tsinci wani kaset da ya taɓa aikowa daga Makka yana gaida gida. Innarmu tana Argungu, kunnenta ya yi nauyi, ƙaramar rediyo ba ta isarta. Sai Yaya ya harhaɗa mata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, daga tarkacen tsofaffin rediyoyi, muka kai mata. Ana kunnawa wani gurnani ya cika ɗakin, ya danne muryar Baba, wanda dama ƙasa-ƙasa yake magana.

"Wanga abu naka ƙugi ɗai shika yi," in ji Inna. "Ban jiya Malam ba."

Saura kaɗan in ce a sayo na kanti kowa ya huta. Da na dubi fuskarsa sai na haɗiye maganata.

Ya miƙe ƙafa a tabarma. Ya ɗaure sukurori, ya murɗa wayoyi kamar mai tufka, gurnani na nan daram. Sai ya zare bawul ɗin duka ya sake kunnawa, ya kara kunne a lasifika. Abin bai mutu ba.

"Ashe ba ku na ba," ya ce da kwalaben, har da ba su haƙuri.

Laifin na taransifoma ne. Biyu ne a ciki, babba mai karɓar wuta da ƙarami mai kai sauti, ya jera su kafaɗa da kafaɗa don su yi kyau, ashe babban ke hura wa ƙaramin gurnanin. Ya kwance ƙaramin, ya riƙe shi da busasshen tsumma, ya miƙo mini lasifikar.

"Ki hwaɗa min in ya yi shiru."

Ya riƙa juya shi a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bai ko goge ba. Gurnanin ya ragu, ya dawo, ya ƙara raguwa, can sai ɗif. Ban taɓa ganin haƙuri irin nasa ba, kuma a ranar na yi alfahari da shi ƙwarai. Ya huda sababbin ramuka ya ɗaure shi a karkace yadda ya tsaya.

Ya mayar da bawul ɗin ya kunna kaset, suka yi ja. Baba ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Inna ta gyara mayafinta ta amsa masa. Ya tambayi yara, sannan ya tambaya ko an kwashe albasar fadama.

"An kwashe, Malam," ta ce. "Ta yi kyau."

Yaya ya sunkuya yana neman sukurun da bai ɓata ba.