Igwar Baba Gado

Tsoron ya fara kama ni ne lokacin da na ga ajidan, wato shugaban jandarma, ya faɗa rub da ciki cikin taɓo a ƙetaren gulbi, ruwa kuma yana tafiya da hularsa. Amma bari in fara faɗin ko wane ne Baba Gado, don shi ya jawo mana wannan.

Garinmu Tudun Ruwa yana cikin ƙasar Gazawa. Da damina gulbi kan kewaye mu, mu zama tsibiri, ba shiga ba fita sai a kan gora. Zamanin Nasara an kwashi samarin garin zuwa yaƙi, Gado kaɗai ya dawo, da kunne ɗaya a toshe, da kwat mai maɓallan ƙarfe, da lambar yabo wadda yake gogewa da toka. Sana'arsa tufkar igiya. Ba wanda ya san ko ya taɓa zama sarjan da gaske, amma haka muka tashi muka ji ana kiransa. Yana sara wa maigari, yana sara wa liman, ya taɓa sara wa jakin wani baƙo saboda ya ce tsayuwarsa ta fi ta samarinmu.

Duk shekara, ranar da ruwa ya gama kewaye gari, yakan tara mutane a bakin gulbi, domin a irin ranar aka ƙetare da su. Maza su jeru da karan dawa a kafaɗa. Mata su kife turamensu a kan ramuka. Ya kira sunan wanda bai dawo ba, gidansu su maka taɓarya, ƙarar ta bi ruwa, dum! Daga nan a ajiye ƙwaryar fura da sunan mamacin, Baba Gado ya sha a madadinsa. Doka ɗaya ce: a ranar ba a cewa turmi, igwa ake cewa. Wanda ya yi kuskure sai ya tsaya da ƙafa ɗaya har Sarjan ya huce.

Bana na dawo daga lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi, ina jiran a tura ni koyarwa, har an fara ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko. Mun samu 'yancin kai ba da daɗewa ba, kuma ana ta raɗe-raɗin masu bindiga suna tsallako iyaka. Na ce da shi, "Baba, a ɗaga abin nan bana. Ƙasa ba ta kwance."

Ya juyo mini kunnen da ba ya ji.

Ana cikin kiran sunaye sai ga motar jandarma ta tsaya a ƙetare. Ashe ƙarar ce suka jiyo daga hanya. Baba Gado ya hangi kaki, idonsa ya cika da ƙwalla. "Alhamdu lillahi! Gwamnati ta tuna da 'yan'uwana." Ya kumbura ƙirji ya yi tsawa irin ta soja, "Gardabu! Kowa ya ƙame! Dukkan igwa, lokaci guda!"

Mata suka saki taɓare baki ɗaya. Maza suka ɗaga kara suka auna ƙetare da shi kamar bindiga. A nan ne ajidan da mutanensa suka zube cikin taɓo.

Da suka ga ba wanda ya mutu, suka sa aka ƙetaro da su, kowa rungume da gora, bindiga a kai. Maigari Sanda ya tura ni gaba. "Kai ka yi lakol, yi masa Faransanci." Na buɗe baki, Faransancin ya gudu. Ajidan ya ce da Hausa, "Ina igwar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba igwa. Turmi ne."

Gari ya yi salati. Baba Gado ya nuna ni da sanda. "Mushe! Ƙafa ɗaya!"

Na ɗaga ƙafa. Ban san dalili ba. Tun ina ƙarami jikina ya saba. Haka na tsaya gaban hukuma kamar shamuwa, gumi na zuba.

Ajidan ya dube ni, ya dubi turamen, ya ƙwanƙwasa babban da takalmi. Na Iya Maimuna ne, wadda mijinta Shu'aibu yake cikin waɗanda ba su dawo ba.

"Iya, mene ne wannan?"

Ta gyara ɗaurin zani. "Ɗan nan, jiya dai gero na daka a ciki. Gobe ma in Allah ya kai mu zan daka. Na yau kuwa ka tambayi Sarjan."

Na ga bakin ajidan yana so ya yi dariya, taɓo ya hana shi. Ya matsa kusa da kunnen kirki na Baba Gado. "Tsoho, ni ma kawuna bai dawo ba. Amma an riga an faɗa wa manyana an ji igwa kusa da iyaka. Ka ce gaban mutane turmi ne, in koma in ce wasa ne, kowa ya tafi gida."

"Wasa?"

"To, ba wasa ba. Turmi dai."

Baba Gado ya gyara maɓallan kwat. "Shu'aibu ya mutu a ƙasar da ruwa ke zama dutse don sanyi. Ko likkafani bai samu ba. Ka ce in tsaya gaban matarsa in ce da abin daka gero nake gaishe shi? Igwa ce, ajidan. Babba ma."

Maigari ya roƙa. Liman ya roƙa. Ni ma na roƙa daga kan ƙafa ɗaya, "Baba, don Allah, kalma ɗaya ce."

"Ba a magana cikin horo, Mushe."

Ajidan ya share fuska ya ce tunda tsohon ya dage igwa ce, dole a tafi da shi Gazawa, da shi da igwar. Baba Gado ya nemi a bari ya shanye furar waɗanda aka riga aka kira, aka bar shi. Ya sha har cikinsa ya ɗaga kwat. Aka ɗaura turmin da igiyar da shi kansa ya tufka, aka ja shi bisa ruwa, Iya Maimuna tana bin gaɓa tana cewa kada su kuskura su tsaga mata shi. Shi kuwa ya rungumi gora da hannu ɗaya, ɗayan yana sara mana, gorar na juyi da shi, yana sara wa gabas, yana sara wa yamma.

Mun yi dariya, amma da motar ta tashi dariyar ta ƙare. Na ji a Maraɗi abin da ake yi wa waɗanda aka kama da zancen makamai, kuma na san ko a gaban wa aka kai shi ba zai canza magana ba. Mutum ne mai tari, ba ya iya kwana a siminti.

Washegari Maigari Sanda ya bi su Gazawa. Bayan tafiyarsa ruwa ya ƙaru, gora ba ta ƙetarewa. Har yanzu da nake rubuta wannan, ba mu ji ko an saki Baba Gado ko an wuce da shi Maraɗi ba.