Ƙyallen da Na Bari a Aljihu

A shekarun da kuɗin fetur suka yi wa Kano ambaliya, sashenmu na lissafi a jami'a ya sami gurbi ɗaya na ƙaro karatu a Ingila. Mu biyu muke nema: ni ɗan Fagge, da abokina, Ibo haifaffen Sabon Gari, wanda Hausa a bakinsa sai ka rantse a Kwaciri aka yanke masa cibiya.

Aka ba mu takarda ɗaya, aikin wani masani ɗan Rasha, aka ce kowa ya yi wa kwamiti bayaninta. Batun shi ne, idan motsi ya hargitse, fili yakan kasu layi-layi, layukan duk a murɗe. To, in ka ware wasu layuka da ba su da faɗin komai a wannan gefe, ka bi su har wancan gefen, za su kumbura su cika wuri? Mutumin ya tabbatar ba za su kumbura ba. Sati biyu ina fama, kaina ya ƙi ɗauka.

A shagon Baba a Kantin Kwari na gane. Wata Hajiya ta ga zare ɗaya ya ja a bakin shadda, ta ce ai can ciki ɓarnar ta fi haka. Baba ya murɗe yadin, ya warware mata ɗaya bakin.

"Hajiya, duba. Zare ɗaya ne a nan, zare ɗaya ne a can. Murɗawa ba ta mayar da shi taki guda."

Na yanki ƙyalle, na hau keke sai Sabon Gari, gidan su abokina. Ba taimako ya kai ni ba, burga ce. Na murɗa masa ƙyallen a gaban mahaifiyarsa, ina ta cika baki.

Ranar intabiyu ƙyallen yana aljihuna. Da na ga wani Bature da manyan kwamitin cikin kwat, sai kunya ta kama ni, kada a ce ɗan mai yadi ya kawo kasuwa jami'a. Na ɗauki alli na cika allo da alamomi, na sarƙe a tsakiya. Abokina kuwa da ya shiga, hankicinsa ya zaro ya murɗa musu. Shi aka ba gurbin.

Na yi kishi har abinci ya daina yi mini daɗi. Abin da ya fi ci mini rai, bai sata ba. Ya gaya musu a fili misalina ne, daga shagon mahaifina. Da ya ɓoye, da na sami abin zagi.

Ya zo sallama har shago, ya durƙusa ya ba Baba labari. Baba ya yi ta murmushi, ya yanka masa shadda yadi biyar. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai fa, me ka nuna musu?"

Hannuna yana cikin aljihu, na ce, "Alli, Baba."