Mai Raɗa a Ƙarƙashin Dandamali

A garin Birobijan, can ƙasar Rashawa, babu wanda zai ce ya taɓa jin Fruma ta ɗaga murya. Ko a kasuwa, in tana cinikin kabeji, sai mai sayarwa ta sunkuyo ta kawo kunne. Mutane sun ɗauka sanyin hali ne, alhali sana'a ce ta bar mata. Tana 'yar shekara goma sha tara aka ɗauke ta aiki a gidan wasan kwaikwayon garin, inda ake wasa da Yidish, harshen Yahudawan wurin, aka ba ta kujera a wani ɗan rami da ke bakin dandamali, wanda 'yan wasa ke kira akurki. Kanta kawai ke leƙowa, shi ma murfi ya kare shi daga 'yan kallo. Littafin wasa na gabanta, yatsanta na bin layi. Duk wanda magana ta ɓace masa sai ta raɗa masa, ya cafe ya ci gaba, ba wanda ya san an yi.

Kowane shafi na littafin nan yana ɗauke da hatimin hukuma. Abin da ke ƙarƙashin hatimi shi za a faɗa, ba ƙari ba ragi.

Babban ɗan wasansu a lokacin Zalman ne, dogo, mai murya kamar daga cikin rijiya. Shi bai taɓa buƙatarta ba. In zai wuce ta gaban akurki sai ya ƙwanƙwasa murfin da ƙafa ya ce, "Kaza, an yi ƙwai?" Ita kuma ta ce, "An yi, amma ba na maƙetata ba ne."

Wata Lahadi da rana, cikin hunturun 1949, ana wasan wani tela da ya dawo daga yaƙi. A shafi na arba'in da ɗaya telan zai yi godiya saboda sabon gidan da aka ba shi. Zalman ya zo wurin, ya tsaya, ya kalli can bayan zaure. Sai ya ce, "Brayna, uwata." Ya yi shiru. "Sosiya. Perel. Itsik, wanda ko tafiya bai fara ba." Sunayen 'yan gidansu ne, waɗanda aka kashe a ƙauyensu na Yukren lokacin yaƙi. Fruma ta raɗa masa layin godiya. Ta sake. Ta sake na uku, har muryarta ta fita daga akurki. Ko kallonta bai yi ba. Daga cikin zaure wata mata ta kira sunan nata ɗan, wata ta biyo, kafin a ce haka zauren ya cika da sunaye, har aka saki labule.

Bayan kwana tara wasu jami'an hukuma biyu masu dogayen riguna suka kira ta ofis. Ba su yi mata tsawa ba, har shayi suka ba ta. Suka buɗe littafinta a shafi na arba'in da ɗaya, ɗaya ya ce, "Ke ce mai riƙe da littafi. Abin da ya faɗa yana ciki?" Ta ce babu. "Kin tuna masa?" Ta ce sau uku. "To ba mantuwa ya yi ba kenan." Ta yi shiru. Aka tura mata takarda ta sa hannu.

Da ta ce ya rikice ne, da ta ce ita ce ta ɓata shafi, wataƙila da tsawa kawai zai sha. Wannan "da" ɗin ita ta zauna da Fruma sauran rayuwarta. An tafi da Zalman kurkuku. Kafin shekara ta fita aka rufe gidan wasan gaba ɗaya.

Ta koma masana'antar ɗinki, ta yi shekara talatin da uku tana dasa maɓalli. Ta auri Pinya, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai haƙuri da son kifi mai gishiri. Suka haifi 'ya ɗaya. Zalman ya dawo bayan shekara bakwai, ba haƙora, muryar ta tafi. Ya samu aikin zuba gawayi a tukunyar ɗumama wata makaranta, ya yi aure, ya haifi ɗa. Shekara goma sha takwas suna gari ɗaya. In ta hango shi a layin burodi sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Ya rasu a 1974, ba ta je jana'iza ba.

Daga nan ne ta fara jin sa. Ba kullum ba. Tana wanke-wanke, ko tana jiran mota, sai ta ji daga sama, ta inda dandamali zai kasance in tana zaune a akurki: Brayna, uwata. Sai shiru, irin shirun da ɗan wasa ke yi in yana jira.

A 1997 Pinya ya daɗe da rasuwa, 'yarta ta ƙaura birnin Ashdod, can ƙasar waje, ta aiko mata da takardun tafiya, jirginta a watan Nuwamba. Garin kuwa ya dawo da bikin al'adu: waƙe-waƙe, raye-raye, darasin Yidish kyauta ga duk mai so. Shekarar ce Arkadi, mai shirya wasanni a gidan al'adu, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Iya Fruma, ki cece ni. 'Yan wasana goma sha biyu, biyu ne kawai kakanninsu suka san Yidish. Sauran suna furta shi kamar mai tauna dankali da zafi."

"Kai fa?"

"Ni na fi su muni, shi ya sa nake ba da umarni."

Ta yarda. Ya sa kafinta ya yi mata sabon akurki da falankin da ke warin fenti. Mako uku tana gyara wa 'ya'yan Rashawa da na Koriya harshe, tana jin daɗin da ta manta akwai irinsa. Sai wata safiya ta shigo gwaji ta tarar an rataye ƙaton hoton Zalman a bayan dandamali, yana saurayi, da haƙoransa.

"Ranar rufe biki," in ji Arkadi, yana murza hannu, "za a ba da labarin abin da ya yi. Sannan ki fito daga akurki, a gaban kowa, a ba ki furanni. Ke kaɗai kika rage, Iya. Ke ce shaidarsa."

Ta ce, "Shaida kam na yi." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ta nufi ɗan ɗakin addu'ar Yahudawa na katako da ke bayan gari, inda tsoho Henok ke jagoranci. Ta same shi a tsakar gida yana ɓare tafarnuwa, yana faɗa da sauro.

"A'a, 'yar akurki! Me ya kawo ki? Allah dai ya sa ba aure kika zo nema ba, na yi alkawari."

"Wa zai ɗauke ka, tsohon banza? Yaya Henok, tambaya gare ni. Wanda ya yi wa mutum laifi, mutumin ya mutu ba a nemi gafara ba, yaya ake yi?"

Henok ya ajiye wuƙa. Bai tambaye ta wane ne ba.

"A tara maza goma, Yahudawa, a je kabari. Mai laifi ya cire takalmi, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, kowa ya ji. Su goman su amsa a madadin mamaci, sau uku. Da bakinsa na ce, Fruma. Ba raɗa ba."

"Akwai goma?"

Ya fara lanƙwasa yatsu, yana ƙirga yadda ake ƙirga mutane don kada baki ya kama su. "Ba ɗaya ba, ni. Ba biyu ba, Fishel mai agogo. Ba uku ba, surukinsa kurma. Ba huɗu ba..." Ya tsaya a "ba tara ba", babban yatsa ɗaya a miƙe. "Bara war haka mu ashirin ne. Jirgi ya kwashe rabi, maƙabarta ta ɗauki nata kason. Fishel ma ranar Alhamis zai tafi."

"Arkadi fa?"

"Ubansa ne namu, uwar ba tamu ba ce. Ya zo ya riƙe mana lema, amma ba ya shiga ƙirga."

"Garin nan kaf?"

"Akwai su. Je ki ce musu su bar aiki su zo maƙabarta ranar Talata, ki ji amsa. Wanda na san in an ce kabarin nan ne zai zo, mutum ɗaya ne." Ya ɗauki wuƙarsa. "Monya. Yana tuƙa motar haya mai zuwa masaƙa."

Monya ɗan Zalman ne.

Kwana biyu tana tsayawa a tasha, motar ta zo ta wuce ba ta shiga ba. Rana ta uku, Litinin, ta shiga. Ta zauna a kujerar bayan direba har aka kai ƙarshen layi, kowa ya sauka. Monya, mai faɗin kafaɗa, shekara kusan arba'in, ya kalle ta ta madubi.

"Iya, an iso. Ko barci ya kwashe ki?"

"Sunana Fruma. Na yi aiki da mahaifinka."

"Na san ki. Ke za a ba furanni."

"Gobe da hantsi za a je kabarinsa. Ana buƙatar mutum goma, tara ne."

"Ni rabona da addu'a tun ranar da aka sa shi a rami. Me za a yi masa?"

"Gafara za a nema."

"Wa?"

"Ni."

Ya kashe injin. Motar ta yi tsit, sai ƙarar ƙarfe yana hucewa. Ya juyo gaba ɗaya. "Me kika yi masa?"

"Sau ɗaya zan iya faɗa, ɗana. In na faɗa a nan, gobe babu."

Ya tayar da mota, ya ce, "Ki riƙe ƙarfe, hanyar nan duk ramuka ce." Bai ce zai zo ba.

Washegari aka tashi da yayyafi. Tsofaffi tara suka taru a ƙofar maƙabarta, kowa da hularsa, suna ƙorafin gwiwa. Fishel yana ta duba agogo. Surukinsa kurma yana tambaya da ƙarfi wa ya mutu. Sun kusa sa'a ɗaya a tsaye, Henok ya fara share maƙogwaro zai sallame su, sai ga Monya a ƙafa, da rigar aiki, kansa babu hula. Henok ya zaro wata daga aljihu ya miƙa masa, ya nuna shi da haɓa ya ce a hankali, "Ba goma ba."

A bakin kabarin Fruma ta cire takalmi da safa. Ciyawar ta jiƙe, sanyin ya hau ta har ƙugu. Ta buɗe baki, abin da ya fito bai wuce leɓenta ba.

"Ba mu ji," in ji Henok.

Ta sake.

"Me ta ce?" in ji kurma.

Sai Fruma ta ja numfashi, ta yi magana da wata murya da ita kanta ba ta san ta ba, busasshiya, mai tsagewa, har hankaki ya tashi daga bishiya. Ta ce ta yi wa Ubangiji laifi, ta yi wa Zalman ɗan Brayna laifi. Ta faɗi ofis, ta faɗi shayi, ta faɗi shafin. Ta ce an tambaye ta ko mantuwa ce, hanya a buɗe, ta yi shiru ta sa hannu. Ta ce shekara goma sha takwas tana tsallaka titi in ta gan shi.

Henok ya ce, "An yafe miki." Tsofaffin suka biyo shi, sau uku, muryoyin ba su haɗu ba. Ta ƙirga su a kunne, aikinta ne sanin wanda ya faɗi layinsa da wanda bai faɗa ba. Tara ne.

Tana zaune a gefen wani dutse tana fama da safa a jiƙaƙƙiyar ƙafa, Monya ya zo ya tsaya a kanta.

"Na zo ne a cika goma da ni. Amsa kuwa ba tawa ba ce."

"Na sani." Ta ɗaure igiyar takalmi, ta warware, ta sake ɗaurewa. "Ya taɓa ambata ta?"

"Shi ba ya ambatar kowa. Gidan wasan ma a bakin mutane na ji." Ya cire hular ya juya ta a hannu. "Sai sau ɗaya, a asibiti, ana gobe zai rasu. Magana ta ɓace masa, yana so ya gaya wa Mama wani abu ya kasa. Sai ya riƙa juya kai yana kallon ƙasa, gefen gado, kamar akwai mutum a wurin. Ya ce, 'Fruma, ba ni.' Sau biyu. Mun ɗauka ruwa yake so."

"Da fushi ya faɗa?"

"Ina ɗan shekara goma sha shida, Iya. Ban sani ba."

Ya mayar wa Henok hularsa ya koma aiki.

Furannin ba ta karɓa ba. Ranar rufe biki ta yi aikinta a akurki, da aka kira sunanta ta ƙi fitowa, Arkadi ya tsaya riƙe da su har tafi ya mutu. A Nuwamba ta tafi wurin 'yarta, ta yi shekara huɗu a wani ɗaki mai kallon teku. 'Yar ta ce har ƙarshe, in suna cin abinci, uwar takan ajiye cokali ta ɗaga kai sama kaɗan, leɓenta na motsi, tana neman abin da Zalman yake so ya ce.