Muntaka, Wanda Ya Fasa Hatimin Rumbun Tsauni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga watan Cika-ciki, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Muntaka mai sayen gyaɗa, wakilinmu a majalisar ƙasa, a gidansa na bayan kasuwar Matameye. Tarin da ya kwaso a kaso ne bai sake shi ba har ya gama da shi. Ni Ɗan'azumi dillali, wanda ya yi masa tafinta a duk tafiyarsa ta Yamai, ni ke rubuta wannan, don na ga masu gyara labari sun fara ɗinki tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Malam, tun kafin Nasara su ƙirƙiro majalisa mun san ka. A rumfarka kaɗai mace ke tsayawa ta duba sikeli da idonta, ka jira ta har ta gamsu. Kai ne in mutum biyu ba sa ga maciji, ɗaya na da jaki ɗaya na neman jaki, sai ka ba wani na uku igiyar ya kai, ciniki ya faɗa ba wanda ya gaisa da wani. Kana cewa ba ruwan jaki da gabarsu. Ni da na yi ɗan zama a lakwal, makarantar Nasara, na iya Faransanci, na ɗauka na fi ka wayo, sai da muka yi shekaru na gane bakina kawai ya fi naka sauri.

Da aka ce kowane yanki ya tura mutum majalisa, mun tura ka muna zaton irin zaman dattawa ne, wanda in an yanke magana ta yanku. Abu ɗaya muka ɗora maka, maganar rumbun tsimi. Kowa a nan ya san shi. Duk kaka sai maigida ya kai damman geronsa rumbun gwamnati, a liƙe bakin da laka, gardi, wato dogarin kwamandan Baturen yankinmu, ya danna hatimi a kai. Geronka ne, guminka ne, amma in ka taɓa lakar nan ɓarawo ne kai. Bara damina ta yanke da wuri. Kafin bazara mutanen ƙauyukan Tsauni, Dungu da Kurni sun cinye har irin shuka. Iri na nan a rumbu, suna wuce shi safe da yamma. Kwamandan ya ce umurnin buɗewa sai daga sama.

Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muka tafi saman.

Abin da na gani a zauren nan ban taɓa gani ba ko a kasuwar da ta fi kowace rashin tsari. Wakilai sun rabu biyu, ɓangarenka da ke tare da sarakuna, da ɓangaren ma'aikata da malaman lakwal. A masauki, in an zauna cin tuwo, kowa na cewa rumbun tsimi zalunci ne, don kowa na da dangi a ƙauye. Da an shiga zaure kuwa, in na dama ya ce rana ta fito, na hagu zai nemi a kafa kwamitin da zai leƙa waje. Ka tashi ka kawo maganar iri, ina fassarawa. Masu rinjaye, 'yan ɗaya ɓangaren, suka kayar da ita, ba don sun ƙi ta ba, sai don kada a koma gida a ce ɓangarenku ne ya buɗe rumbu. Ranar suka ƙarasa yini suna musu a kan wanda za a fara kiran sunansa a bikin tarbar gwamna.

Da muka fito na ga kana murmushi, na san jaki ya sami mai ja. Ka je ka sami wani malamin lakwal na ɗaya ɓangaren, ka ba shi maganar ɗungurungum, ka ce ya kai ta da sunansa, ya ci yabon shi kaɗai. Mutumin ya tambaye ka me za ka samu. Ka ce, "Gero, in Allah Ya ba da ruwa."

Washegari ya tashi ya karanta maganarka, ko wasali bai canja ba. Sai ga mutanenka, waɗanda jiya suka tafa mata, suna ihu wai makirci ne na masu son zubar da darajar sarakuna. Wasu na wancan ɓangaren ma suka noƙe, don sun ji warin hannunka a ciki. Aka ce a ɗaga hannu. Shugaban ɓangarenku ya riƙe maka hannun riga, ina kallo daga bayan zaure. Ka zare hannunka a hankali kamar mai zare shi daga ƙullu, ka ɗaga. Hannun nan ne ya rinjayar.

Na yi murna, Allah Ya sani. Sai magatakarda Bature ya yi mana bayani cikin ladabi cewa abin da majalisa ta zartar sunansa fata. Majalisa na iya tattauna haraji, tana iya duba kuɗin hanya da rijiya, amma rumbun tsimi ikon gwamna ne, sai dai a miƙa masa fatan wakilai ya duba in ya sami sarari. Ka sa na maimaita maka fassarar. Sannan ka ce, "To, ashe roƙo muka zo yi. Da an faɗa mana, da mun turo maroƙi, ya fi mu iyawa."

Mun dawo cikin azumi, ruwan farko ya sauka a bayanmu. Duk manomi ya san ƙasa ba ta jiran kowa, in laimar nan ta wuce sai wata shekara. Sallau mai unguwar Tsauni ya zo da dattawa suka tsuguna a ƙofarka, suka jingine sungumi a bango. Ka tashi ka bi su. Da rana tsaka, a gaban kowa, ka hau tsani ka sa gatari ka fasa lakar da hatimin. Ka hana kowa taɓawa sai da ka gama, don kada a sami sunan wani a haɗa da naka. Ka sa Sallau ya auna wa kowane gida gwargwadon abin da ya zuba. Labari ya kai Dungu da Kurni, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da gatarinka.

Da gardawa suka tafi da kai kason Damagaram, na ɗauka majalisar da ta zartar da maganar za ta ce uffan. Ɓangarenka suka ce ai tun a zaure ka sayar da kanka. Ɗaya ɓangaren suka ce maganar tasu ce, amma gatarin ba nasu ba ne. Wakili guda yana kwance a kan siminti cikin damina, abokan zamansa ba su iya haɗa baki sun nemi a ba shi ko bargo ba, don ba a daidaita wanda zai fara sa hannu ba. Sai da tarin ya fara fitar da jini aka sako ka, kada ka mutu a hannunsu.

Jiya kuma ga su a zaman makoki, da manyan riguna, kowane ɓangare na cewa kai nasu ne. Har suka aika cikin gida a ƙaro tabarma, wai ba za su zauna a guda ba. Matarka Baiwa ta aiko musu da amsa daga bayan zana: "Tabarma ɗaya ya bari. Wanda ba zai iya ba, ga ƙasa nan, a kanta ya kwana a kaso." Suka zauna, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ban taɓa ganin majalisar nan ta zauna shiru haka ba.

Suna zaune mai shela ya ratso kasuwa da gangarsa, yana sanar da cewa gwamna ya duba fatan majalisa, ya yarda a buɗe rumbunan tsimi a raba irin shuka. A watan kaka. Bai rufe baki ba sai ga jakunan Tsauni sun shigo layin, Sallau a gaba, kowane jaki da damman sabon gero, aka jibge su a ƙofarka har suka tare hanya. Sai da manyan baƙi suka tattare riguna suka raɓa ta gefe kafin su fita.

Malam, ba ka ci ko loma ɗaya daga geron nan ba. Allah Ya sa kowace ƙwaya ta zame maka haske a kabari. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Baiwa, da 'ya'yanka Fadima da Mariyama, da mutanen Tsauni, Dungu da Kurni. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Su kuma da za su koma zauren nan su tarar da kujerarka ba kowa, Allah Ya shirye su kafin ruwan baɗi ya sauka, don an riga an fara kwaɓa sabuwar laka. Amin.