A Ɗan Biya Ta Masar

Tun ranar da ɗiyata ta turo mini katin bikin kammala karatunta a waya na daina zama wuri ɗaya. In shiga aji in manta darasin da na zo da shi, in ɗora tukunya in fita tsakar gida ina kewaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A Iskandariyya take, can ƙasar Masar, tana karatun haɗa magunguna. A ƙasan katin ta rubuta, "Kowa iyayensa za su zo." Ba ta ce in zo ba, don ba ta saba roƙona komai ba. Ita ce ta fari, ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa garin Kekun Waje, can ta girma. Kakar ta rasu, mahaifinta ya rasu, ni kaɗai na rage mata. Ni kuwa malamar makaranta ce a Tsafe, ban taɓa wuce Kaduna ba.

A danginmu ba a tsallake Alhaji in za a fita waje. Yayan mijina ne, gidansa a Bungudu, yana da ofishin kai mutane Umara a Gusau. Na shiga bas na je ofishin, na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa muka gaisa. Duk hanya ina haddace abin da zan faɗa, amma da ya ce, "Malama, mi ke tahe da ke?" sai bakina ya yi nauyi. Yaya zan dubi yayan mijina in ce ina son in tsallaka ƙasashe don in ga 'yar fari? Sai na ji kaina ina cewa Umara nake son yi bana, in da hali kuma a ɗan biya ta Masar.

"An gama," in ji shi. Ya karɓi fasfo ya jefa a aljihun tebur.

Ai kuwa wannan "an gama" ita ta hana ni sakat. An gama me? Wane gari za a fara? Yaushe? In na koma ofishin da niyyar tambaya, sai mu ƙare a gaisuwa da labarin damina, ya ce kada in damu, in taso da tambayoyina a ciki. Ga hanyar Gusau zuwa Tsafe, wadda ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta, kullum cikin sauri nake barin wurinsa.

Akwai wata abokiyar aikina mai koyar da labarin ƙasa, bakinta ba ya shiru. Ita ta nuna mini yadda ake duba jirage a waya. Shi ke nan na kamu. Ana tashi tara ina ɗakin malamai ina latse-latse: Kano zuwa Alkahira, jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, a dawo Alkahira, a tashi zuwa Madina. Na haddace hanyar nan kamar karatun allo. Ita kuma tana zuga ni, wai in karɓo fasfona in yi abina, me Alhaji ya sani da wayar nan ba ta sani ba? Na ce mata waya ba za ta neme ni ba in na ɓata, Alhaji kuwa dole ya neme ni. Ta ce to in zauna in jira "an gama". Haushinta nake ji, don rabin zuciyata tana bayanta.

Ranar da ya aiko in same shi gida a Bungudu, na tarar da shi a zaure yana fara'a. Biza ta fito, har da ta Masar. Ya shiga lissafa mini: za mu tashi da ayarinsa zuwa Madina, daga nan Makka, a kan hanyar dawowa kuma a sauke ni Alkahira in yi sayayyar jallabiya da turare yadda nake so.

"Ɗakin Allah aka fara yi wa sallama," ya ce. "Kasuwa ta biyo baya."

Da ya faɗi ranar da zan isa Masar, na san an yi bikin an watse, har an share wurin. Na ce na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi haka na ce. Na sa takalmina na tafi tasha.

Ina zaune cikin bas ana jiran ta cika, wata mata ta ɗora mini buhun barkono a ƙafa, raina ya soma tafasa. Shi bai yi laifi ba, abin da na faɗa ya yi. Yarinyar nan za ta tsaya cikin baƙin mutane ba kowa nata, saboda na kasa buɗe baki. Na ture buhun na sauka. Kwandasta yana kira, "Hajiya, ina zuwa?" ban ko waiwaya ba.

Na same shi inda na bar shi. Ban durƙusa ba ma sai da na fara magana.

"Alhaji, ba jallabiya za ta kai ni Masar ba. Ɗiyata zan gani, ranar da za a ba ta shaida nake son in kasance."

Shi ya sunkuyar da kai, ba ni ba. Can ya ce, "Ai da kin faɗa."

"Da wane bakin?"

Sai ya gaya mini gaskiya. Tikitin ayari ba ya canzuwa don mutum ɗaya, kuma shi bai taɓa kai kowa Iskandariyya ba, ko hanyarta bai sani ba. Na ce ni na sani. Ya dube ni kamar na ce zan tuƙa jirgin. "Mace, ke kaɗai? In kin ɓata ni za a zaga." Na ce a zage ni, ni na ce zan je. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, amma ya ba ni fasfona da sunan masaukinsu a Madina, ya ce in na iso zan tarar da su.

A ɗakin malamai na sayi tikitin, abokiyar tawa tana tsaye a kaina tana cewa, "Danna mana!" Ɗiyar kuwa ban gaya mata ba. Tsoro nake kada in sa mata rai in maƙale a wani wuri, gara ta ci gaba da zaton ba zan zo ba.

Tafiyar ba abin da ban gani ba. Larabcin Islamiyya da nake taƙama da shi, na yi wa mai tasi a Alkahira, ya yi ta dariya yana cewa in ƙara, wai kamar mai huɗuba. A tashar jirgin ƙasa na hau taragon da ba nawa ba, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ja ni zuwa kujerata tana faɗa cikin harshen da ban gane ba. Ban ci komai ba sai ƙuli-ƙulin da na ƙullo. Ko tekun da ake ta faɗa ban tsaya kallonsa ba, katin nan nake ta nuna wa mutane har aka kai ni ƙofar zauren bikin.

Na samu kujera can baya. Da aka zo kan ɗiyata ta hau ta karɓi shaidarta, aka tafa mata sama-sama, irin tafin da ake yi wa wanda ba a sani ba. Na so in rangaɗa guɗa, kunya ta hana ni.

Da aka fito fili kowa ya rungume nasa, furanni ko'ina. Na kutsa ina dubawa har na hango ta. Tana riƙe da wayar wata ƙawarta, tana ɗaukar ƙawar hoto da iyayenta, tana gama wannan wasu suka miƙo mata tasu. Ta ba ni baya, ga mutane tsakaninmu, ga hayaniya. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun da aka raɗa mata shi. Ranar na cika baki na kira shi, har na kusa da ni suka juyo. Ita ba ta juyo ba. Na sake kira, da ƙarfi, na ga ta ɗan ɗaga kai, ta ci gaba da ɗaukar hotonta. Ba ta san sunanta da muryata ba.

Sai da na ce, "Ke!" sannan ta waiwayo.