Tumaki Dubu da Tara

Har yau in na ji an ce "a raba daidai" sai raina ya ɓaci. A bakin murhun kakata abin ya samo asali, a Tarka, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai.

Kakanmu ya rasu bayan girbi. Babana da ƙannensa biyu suka ce gandu ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Suka raba gona da rumbuna, har turmi. Abin da ya gagare su shi ne wa zai riƙe tsohuwa. Kullum bayan magariba suna bayan danga suna wannan gardama, ita kuwa tana ji.

Ran nan ta tara mu jikoki, ta tura kara a wuta da ƙarfi. "Ga wata tatsuniya nan ta zo," in ji ta, "masu kunne a bayan danga ma su kama."

Wai wani makiyayi ya mutu ya bar 'ya'ya bakwai da tumaki dubu da tara. Aka kasa bakwai, ɗaya ta rage. Aka gwada kashi biyu, uku, huɗu, duk ɗaya ke ragewa. Ko kashi nawa aka yi sai an samu saura. Da muka yi musu, ta zube ƙwallon aduwa goma sha uku ta ce mu raba. Muka yi ta juyawa, suka ƙi.

"Akwai lissafin da Allah ya yi shi dunƙule," ta ce. "Ko ku bar shi tare, ko ku watsa shi ɗaya-ɗaya."

Wadda ke ragewa kullum tsohuwar tunkiya ce, don ba mai son ta. 'Ya'yan makiyayin suka yanka ta, rabo ya tafi daidai. Da safe garken ya rasa mai ja masa gaba zuwa rijiya, ya watse a daji.

Babana ya leƙo ya ce, "Inna, ki bar cika wa yara kai." Ba ta ko dube shi ba.

Sun ji, amma ba su fasa ba. Ita ma sai suka raba ta: damina a Tarka, kaka a Falanko, rani a Belbeji, a kan jaki, da tabarmarta da ƙwarya. Shekara biyu ta yi tana wannan yawo. Ta rasu a ɗakin da ba ta san ƙofarsa ba.

'Yata mai koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta ce dubu da tara da gaske ba ta rabuwa, irin waɗannan lambobi har suna da sunansu. Ni ban yi karatu ba, sunan bai dame ni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne maza uku da gemu sun iya lissafin turmi da taɓarya, amma da suka zo kan uwarsu, saura suka gani.