Jar Motar Mai Kunne

Ranar da aka jawo jar motar Kawu da igiya zuwa garejinmu, ni na fara fitowa tarbarsa, kuma ni aka fara zagi. Ko amsa gaisuwata bai yi ba. Ya sauko daga motar da ta jawo su, ya nuna ni da ɗan makulli a gaban mai walda da mai fenti da masu motoci uku da ke jiran aiki, ya ce, "Ga wanda ya kashe mini mota. Jabun baƙin mai ya zuba mata."

Shekarata arba'in da ɗaya, ’ya’yana huɗu, na yi shekara ashirin da biyar da sifana a hannu, ba a taɓa kama ni da ko ƙusar wani ba. Amma na tsaya kamar an dasa ni, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri mu shiga ciki."

"Cikin ina? A nan ka yi, a nan za a ji."

Har yau in na tuna, sai na ji zuciyata tana tafasa. Amma ba za a gane abin da ya sa na haɗiye ba sai an san ko wane ne Kawu.

Wan mahaifiyata ne, kuma shi ya koya mini gyaran mota. Duk wanda ya yi wannan sana'a a yankinmu Mai Kunne ya san shi da shi, ba don kunnuwansa na da girma ba, ko da yake suna da shi. Sauran makanikai sai sun kwance rabin inji kafin su san ciwonsa. Kawu sai dai ya ce a tayar, ya karkata kai, ya lumshe ido. In abin ya yi zurfi, ya ɗauko doguwar sukundirebarsa mai mariƙin katako, ya kafa tsininta a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne. Minti biyu ya ishe shi. Na taɓa ganinsa yana shan shayi a kan benci, wata tasi ta wuce, ya aika a tsayar da direban a gaya masa fulogi na uku ya mutu. Direban ya yi ta musu har aka ciro masa shi ya gani.

Yabo kuwa ba ya cikin kayan aikinsa. In ka yi daidai, ya yi shiru. In ka yi kuskure, ya kama kunnenka ya murɗe, ya ce, "Wannan ba don ado aka manna maka ba." Gaggawa yake kirana tun ina ɗan shekara sha shida, don na fi son kwancewa da saurare, kuma har na yi furfura a gemu bai canza mini suna ba.

Da ya ajiye aiki, kowa ya ɗauka zai sayi kujera mai laushi ya zauna. Sai ya je gidan wani mai hali da ya daɗe yana yi wa gyara, ya kwaso wata tsohuwar motar tsere da ta yi shekaru a yashe, kaji na kwana a cikinta. Ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta leƙa sau ɗaya ta ce in ta shiga sai an kira mutum huɗu su zaro ta. Shekara biyu yana bin motar nan da hannu har ta tashi. Abin dariyar, bai taɓa gudu da ita ba. Mai keke yana iya wuce shi. Don muryarta ya saye ta. Duk safiyar Asabar zai tayar da ita a rumfar gidansa, ya jawo kujera ya zauna yana jinta kamar mai jin labarai. Fitilar da ke gargaɗin mai a gaban direba ta mutu tun kafin ya same ta. Na sha cewa in gyara, ya ce fitila ta waɗanda ba su da kunne ce.

Abu ɗaya kawai ya yarda in riƙa yi mata, canjin baƙin mai, shi ma don bayansa ba ya barinsa kwanciya a ƙarƙashin mota. Na canza mata sati shida kafin injin ya buga. Shi ke nan laifina.

Kafin sati ya zagayo, maganar ta gama gari. Mutum biyu suka zo suka janye motocinsu daga hannuna, ɗayan ma ko kunyar idona bai ji ba, ya ce, "In ka yi wa kawunka haka, ni wa?" Mai sayar mana da mai ya daina yi mini wasa. A gida kuwa dangi suka rabu biyu. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ma'aikacin ofis ne da bai san bambancin batir da gwangwanin madara ba, ya ce a sayar wa masu farfasa motoci a huta. Ya ce kayan gyaranta sai an yi odarsu daga nesa, kuma dama tsoho ɗan saba'in ba shi da abin yi da motar samari. Kawu ya ce gyara za a yi, amma ba da hannun ɓarawo ba, kuma sai an buɗe injin kowa ya ga abin da na zuba.

Ban jira kowa ba. Motar tana garejina, na sauke injin da kaina. Kwana uku ina kwancewa, kuma a karon farko a rayuwata ban yi gaggawa ba. Man yana nan yadda na zuba shi, mai kyau, ko mai fenti da ya shafa a yatsa ya shaida. Famfon da ke tura man ne ya tsufa ya gaji, ya riƙa kai shi kaɗan-kaɗan. Su kuma ’yan ɓawon ƙarfen nan da sandar inji ke juyawa a kansu, waɗanda muke kira metal, sun cinye har jan ƙarfen ciki ya fito. Na juya ɗaya a hannuna, na sake dubawa. Irin wannan ci ba na rana ɗaya ba ne. Inji mai wannan ciwo yana ƙwanƙwasa sati uku, sati huɗu, ƙara mai ƙarfi da ko mai tallan ruwa zai juyo.

Na saka metal ɗin a aljihu na tafi layin su Kawu. Na fara da mai faci na bakin titi.

"Ka taɓa jin motar Kawu tana wani ƙara?"

Ya sosa ƙeya. "To, an ɗan kwana biyu tana yi."

"Ka gaya masa?"

"Ni? In ce wa Mai Kunne injinsa na ƙara? Ai sai ya tambaye ni yaushe na bar faci."

Mai shago ya ji. Maƙwabcinsa malamin makaranta ya ji, har ya ce yana tashinsa daga barcin Asabar. Direban da ke ajiye bas a ƙarshen layi ya ji, ya ce ya ɗauka wani gwaji tsohon yake yi. Layi guda, manya da gemunansu, sun yi wata suna jin mota tana mutuwa suna ɗaga mata hannu. Da ta mutu kuma aka ce ni ne, babu wanda ya buɗe baki. Wai girmamawa ce. Ni dai ban ga girmamawa a ciki ba, tsoro na gani da lalaci, kuma na gaya wa mai shagon haka, ya ce in yi a hankali da bakina.

Na samu Inna a kicin tana yanka albasa. Ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Inna, tun yaushe Kawu ya daina ji?"

Wuƙar ta tsaya. Ta leƙa ƙofa, sannan ta ce, "Ya kusa shekara biyu. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Talabijin ɗin da ake jiyowa daga titi. Yadda Inna kullum take zagayowa hagunsa kafin ta yi magana. Yadda yake kallon bakin mutum, mu kuma muna cewa tsufa ya ƙara masa tsare gida.

"Shi ya sani?"

"Ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana." Ta share ido da bayan hannu, ban sani ba ko albasar ce. "Ɗana, ka rufa mana asiri. Ka ce kuskure ka yi, Yayanka ya sayar da ita, magana ta mutu. Kai da sauran ƙarfinka, sunanka zai dawo. Shi in ka cire masa wannan, me ya rage masa?"

"Ni kuma ’ya’yana su tashi a ce ubansu ya cuci wanda ya koya masa sana'a?"

Ta koma yankan albasarta. Na fita raina a ɓace, kuma ba da ita kaɗai nake fushi ba. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kwana goma kafin injin ya buga, Kawu ya kawo wa mahaifiyata ziyara, ina tsakar gida, na ji ƙaran nan sarai lokacin da yake juya mota. Har na taka zuwa ƙofa. Sai na ce a raina, wa zai gaya wa Mai Kunne? Ai ya ji tun kafin ni. Na koma na zauna. Duk zagin da na yi wa mai faci da mai shago, rabona yana ciki.

Kawu yana rumfar motar, wadda yanzu babu komai a cikinta. Ya durƙusa ya ba ni baya, yana goge tabon mai a siminti da yashi. Na tsaya taku uku daga gare shi, na fara. Na ce ya zubar mini da mutunci a gaban abokan aikina. Na ce shekara ashirin da biyar ina jiran ya ce na iya, abin da na samu shi ne ɓarawo. Na ce girman kansa ne ya kashe motar, da ya bar ni na gyara fitila ɗaya da yanzu tana nan. Na ce ya kurumce, kowa ya sani sai shi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, na yi ta yi har maƙogwarona ya bushe.

Bai fasa gugarsa ba. Da ya gama ya dafa gwiwa ya miƙe, ya juyo, ya gan ni, ya ɗan zabura.

"Gaggawa? Yaushe ka shigo?"

Ko kalma ɗaya bai ji ba. Na zaro metal ɗin na saka masa a tafin hannu.

Bai ma kalle shi sosai ba. Ya bi cikinsa da babban yatsa, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake bi. Shi ya koya mini karanta wannan ƙarfen, ba sai na yi masa bayani ba. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, don yatsan ya tsaya.

"Sati nawa?"

Na zagayo hagunsa na ce, "Uku. Ko huɗu."

"An ji?"

"Kowa ya ji, Kawu. Har ni."

Ya kalle ni kallon da na sani tun ina yaro, na ɗauka kunnena zai kama. Sai ya ce, "Duk kun ji. Kuka bar ni ina zama a gabanta ranar Asabar." Da fushi ya faɗa, ba da kuka ba. Ya daɗe yana juya ƙarfen. Daga baya ya ce, "Ka gyara ta. In ta tashi, a sayar. Ba zan miƙa wa masu guduma ita ba, kuma ba zan sake hawa abin da ba na jin kukansa ba."

Yaya ya yi ta mita, wai wane irin lissafi ne a gyara abu don a rabu da shi. Babu wanda ya kula shi. Wata biyu aka yi kafin kayan su iso, na haɗa injin ni kaɗai, na gyara fitilar nan ma ba tare da na tambayi kowa ba. Haƙuri dai Kawu bai ba ni ba, kuma ban daina jin haushin hakan ba. Mutum biyun da suka janye motocinsu, ɗaya bai dawo ba har yau.

Ranar da za a tayar da ita ya zo garejin da hantsi, da doguwar sukundirebarsa a hannu. Mai walda ya kashe wutarsa, mai fenti ya fito yana goge hannu, masu jiran aiki suka matso. Na murɗa makulli, ta kama. Kawu ya kafa tsinin a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnen hagu, ya lumshe ido. Minti biyu suka wuce, uku, kowa yana jiran hukunci kamar yadda aka saba.

Ya buɗe ido, ya miƙo mini sukundirebar ta wajen mariƙi, a daidai wurin da ya tsaya ya zage ni.

"Gaggawa," ya ce, "saurara ka gaya mini yadda take. Ka faɗa da ƙarfi."